MAGILI: Malamin Da Ya Taka Kano Da Ƙafarsa Amma Ya Rasa Takwara A Cikinta

Ranar Lahadin da ta gabata ne 'yan uwa suka taru a ƙofar gidan wani ɗan uwa da ke wata unguwa bayan Kasuwar Kurmi, a cikin birnin Kano, domin walimar sunan ɗan da Allah (T) Ya azurta shi da shi. An raɗa wa yaron suna Muhammadu Magili. Tun da safe da aka yi shelar sunan mutane suka yi ta sake tambaya, wasu na cewa Magaji aka ce, wasu na cewa a'a, ba haka suka ji ba. Wannan ne ya sa Malamin da aka gayyata domin yin nasiha bayan sallar La'asar ya ajiye maudu'in da ya zo da shi, ya yi jawabinsa gaba ɗaya a kan wannan suna. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, Malam ya fara da tambayar mahalarta ko akwai wanda ya taɓa zama aji ɗaya, ko makarantar allo ɗaya, ko layi ɗaya a kasuwa da wani mai suna Magili. Babu wanda ya ɗaga hannu. Sai ya ce to mai suna Buhari fa? Tijjani fa? Sanusi fa? Nan take wuri ya ɗau dariya, domin a kan tabarmar ma akwai Sanusi har biyu. Malam ya ce to wannan shi ne abin da yake so a yi tunani a kansa yau, domin duk waɗannan sunaye ƙirarsu ɗaya ce, hanyar da suka biyo suka shigo bakin Bahaushe ma ɗaya ce, amma wasu sun cika gari, ɗaya kuwa ya zama baƙo, alhali mai shi ne kaɗai a cikinsu wanda ya shigo birnin nan, ya zauna a ciki, ya karantar, ya bar zuriya.

MA'ANAR SUNAN

Malam ya bayyana cewa Magili a asalinsa ba sunan yanka ba ne, nasaba ce, wato jingina mutum ga garinsu ko ƙabilarsu. Balarabe kan sa alif da lam a farko ya sa ya'u a ƙarshe, kamar yadda Bahaushe kan ce Bakano, Bakatsine, Bagobiri. Albuhari ma'anarsa mutumin Buhara, garin da ke cikin ƙasar Uzbekistan a yau, sunansa na yanka kuwa Muhammadu ɗan Isma'ila. Aljilani mutumin Jilan ne ta ƙasar Iran, sunansa Abdulƙadir. To haka Almagili yake, mutumin ƙabilar Magila ne, da Hausa zalla sai mu ce Bamagile. Magila ƙabila ce daga cikin ƙabilun Barbar na Arewacin Afirka, Ibn Haldun ya ambace ta a littafinsa na tarihi. A nan ya ja kunne kada a rikita Barbar da Barebarin Borno, ya ce Barbar su ne mutanen ƙasashen Magrib tun kafin zuwan Larabawa, dangin Buzaye ne. Harafin da ke tsakiyar sunan gainun ne, amma harshenmu ya sassauta shi kamar yadda ya yi wa magariba da Gali da Gazali.

Don haka, in ji Malam, masu buɗe waya su nemi ma'anar suna, su ga an ce wannan haske ne, wancan jarumi ne, ba za su sami irin wannan a nan ba. Kalmar ba ta ɗauke da komai sai sunan ƙabila. Duk nauyin sunan yana kan mutumin da ya sa aka san shi. Kuma kakanninmu sun san haka, shi ya sa ba su yanka rago a kan nasaba ita kaɗai. Sukan haɗa ta da sunan yankan mai ita, su ce Muhammadu Buhari, Ahmadu Tijjani, Abdulƙadir Jilani, Muhammadu Sanusi. To wanda ya ce Muhammadu Magili bai fito da wani sabon abu ba, tsohuwar hanyar gida ya bi.

WANE NE ALMAGILI?

Malam ya ce cikakken sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarim ɗan Muhammadu Almagili, mutumin Tilimsan da ke yammacin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya rayu a ƙarni na 9 na Hijira. Ya yi karatu a wajen Shehu Abdurrahman Assa'alibi, shahararren mai tafsirin nan na birnin Aljiyas, da kuma Yahaya ɗan Yadir. Daga baya ya koma Tuwat, wani yanki na dausayoyi a tsakiyar Sahara inda ayarin fatake ke yada zango tsakanin Magrib da ƙasashen baƙar fata. Wata babbar rigima da ya shiga a can, wadda Malam ya ce zai dawo kanta, ita ce ta gabaci fitowarsa zuwa kudu. Ya biyo ta ƙasar Ahir, ya zauna a Takidda yana karantarwa. A cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wajensa a can akwai wanda Katsinawa suka sani da Ɗan Takum, wanda ya zama alƙalin Katsina daga baya.

Ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wasiƙar nasiha da ya rubuta wa Rumfa tana ɗauke da shekara ta 897 bayan Hijira, wato tsakanin 1491 da 1492. Malam ya ce 'yan uwa su lissafa, yau sama da shekara 530 ke nan.

Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin zuwansa. A can an ce ya sauka a Fanisau, ya aika wa Sarki, Rumfa ya fita da jama'arsa ya shigo da shi birni. An ce ya zo da littattafai masu yawa, ya umarci Sarki ya gina masallacin Juma'a, ya kuma sa aka sare itaciyar da ake tsafi a gindinta aka gina hasumiya a gurbinta. Da zai tafi ya bar Sidi Fari a matsayin halifansa, wanda Sharifai ke cewa ɗansa ne Isa. Har yau unguwar Sharifai tana nan, sarautar Sidi Fari tana nan. Malam ya nuna da hannu ya ce daga inda ake zaune zuwa can ko ɗan sahu ba sai an hau ba, amma da za a tare samari goma a bakin Jakara a tambaye su dalilin da ya sa ake ce wa unguwar Sharifai, da wuya a sami biyu da za su ambaci wannan bawan Allah.

LITTAFIN DA YA RUBUTA WA SARKI

A nan ne Malam ya fi daɗewa. Ya ce abin da ya ɗaga Almagili sama da sauran baƙin malaman da suka ratsa ƙasar Hausa shi ne ɗan littafin da ya rubuta wa Sarkin Kano, wanda aka sani da Tajuddini Fima Yajibu Alal Muluki, wato bayanin abin da ya wajaba a kan sarakuna. Babi takwas ne, ɗalibi mai himma zai iya karance shi a zama ɗaya. Ya fara da gyaran niyyar mai mulki, ya bi ta kan shigarsa da zamansa da tsarin ma'aikatansa da tsaron ƙasarsa, ya zo kan binciken al'amura da adalci a shari'a, ya rufe da babi biyu a kan dukiya, ɗaya a kan inda ya halatta a karɓo ta, ɗaya a kan inda ya wajaba a kashe ta.

Malam ya ce a lura da sunan littafin tukuna. Malaman fada na kowane zamani sun ƙware wajen karanta wa talaka abin da ya wajaba a kansa game da sarki: ka yi biyayya, ka yi haƙuri, ka yi addu'a. Shi kuwa wannan baƙo, yana zaune a garin Sarki, yana cin abincin Sarki, sai ya juya alƙalami ya rubuta abin da ya wajaba a kan Sarkin game da talaka.

Akwai gargaɗi guda da yake maimaitawa babi bayan babi kamar amshi, a kan haɗarin mai mulki ya shige bayan labule talakawansa su kasa kai wa gare shi. A wajensa wannan ita ce uwar masifu. Ya wajabta wa sarki ya riƙa zama a kullum inda mai rauni zai iya isa gabansa da kukansa, har mata da yara, kada ya dogara da abin da fadawa da alƙalai suka kawo masa kawai. Malam ya ce wanda ya san zamanin Rumfa zai gane cewa wannan magana ba a iska aka yi ta ba. Rumfa ne ya gina Gidan Rumfa da sarakuna ke ciki har yau, shi ya faɗaɗa ganuwa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya kafa majalisar Tara ta Kano. Kuma Tarihin Kano ya lissafa kakaki da figini da kulle da bai wa babanni sarauta a cikin abubuwan da ya fara. Wato a daidai lokacin da fada ke ƙara girma, soraye na ƙaruwa tsakanin Sarki da ƙofar gida, a lokacin ne Malamin ke gaya masa kada soraye su raba shi da mutane. Kuma a yaba wa Rumfa, in ji Malam, domin shi ya nemi nasihar, bai kuma kori mai ita ba.

Ya ci gaba da cewa a babin bincike Almagili ya nemi sarki ya san abin da ma'aikaci ya mallaka kafin a naɗa shi, ya riƙa bibiyarsa bayan naɗi, in an ga dukiya ta ƙaru ta hanyar muƙami a karɓe ta. A babin dukiya ya haramta karɓar kuɗi domin naɗa mutum muƙami, ya haramta cin hanci a shari'a, ya haramta ƙwace dukiyar mutane da sunan tara. A nan Malam ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "'Yan uwa, shin sai na yi sharhi?" Aka amsa da kabbara. Ya ce a yau ana ba masu muƙami takarda su cike su bayyana kadarorinsu, ana ɗauka wayewa ce da aka koyo daga Turai, alhali an rubuta wannan a cikin ganuwar nan shekara ɗari huɗu kafin Turawan mulkin mallaka su ci Kano.

DAGA KANO ZUWA GAWO, DAGA GAWO ZUWA GA SHEHU

Daga Kano Almagili ya zauna Katsina, sannan ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songai a 1493. Askiya ya yi masa tambayoyi bakwai, ya amsa su a rubuce. A cikin amsoshin ne ya yi dogon bayani a kan malaman sharri, masu cin dukiyar mutane da ƙarya suna gyara wa azzalumi zaluncinsa, ya ba da alamomin da ake bambanta su da malaman gaskiya. A ciki ya yi magana a kan mai jaddada addini da Allah ke tayarwa a kan kowane ƙarni. A ciki ya yi magana a kan tauye mudu da algus a kasuwa, abin da Malam ya ce 'yan uwa masu sana'a a Kurmi da Singa da Dawanau ya kamata su fara da shi kafin su kai ga babin sarakuna, domin mai buga gindin tiya ya rage mata ciki ba shi da bakin zagin gwamna.

Shekara ɗari uku bayan haka, da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi kiran mutanen ƙasar Hausa, waɗannan amsoshi na daga cikin manyan abin da ya dogara da su. Duk wanda ya buɗe Sirajul Ihwani zai ga yadda Shehu ya ciro su shafi bayan shafi. Wasiƙar nan ta Rumfa kuma Shehu ya kawo ta a Tanbihul Ihwani. Sai ƙanensa Malam Abdullahi, wanda a wajen 1807 ya bar rundunar jihadi saboda takaicin son duniya da ya ga ya shiga jama'a, ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano mutanen gari suka tsayar da shi suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da mulki. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma zuba nasihar Almagili a ciki. Malam ya ce ku duba wannan al'amari: maganar da aka rubuta a Kano domin Sarkin Kano, ta yi shekara ɗari uku, sai da wani baƙon ya sake zuwa ya tuna wa Kanawa ita.

TO ME YA SA SUNAN BAI YAƊU BA?

Malam ya ce abin da zai faɗa a nan fahimtarsa ce, kowa na iya auna ta. Ya ɗauko sunan Sanusi ya ajiye kusa da na Magili. Imamu Muhammadu ɗan Yusufu Assanusi, wanda ya rasu a 1490, shi ma mutumin Tilimsan ne, zamaninsu ɗaya, sun san juna har sun yi wasiƙa. Bai taɓa zuwa Kano ba. Amma littafinsa na tauhidi, Ummul Barahina, ya shiga zaurukan karatu na ƙasar nan, ɗalibai sun haddace shi. Ko ta hanyarsa sunan ya fi shigowa, ko ta hanyar ɗariƙar Sanusiyya da Larabawan Turabulus suka zo da labarinta, sakamakon dai ɗaya ne: sunan ya cika gari har ya shiga Gidan Rumfa, sarakunan Kano biyu sun amsa shi, na farko daga 1953 zuwa 1963, na biyu ya fara hawa a 2014.

Bahaushe, in ji Malam, yana raɗa sunan da kunnensa ya saba da shi a wajen da yake ƙauna. Buhari ana karanta shi a masallatai shekara da shekaru. Badamasi ana rera shi. Jilani da Tijjani ana ambatonsu safe da yamma a zawiyoyi. Bayan Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas a aikin Hajji a 1937, Shehun ya riƙa zuwa Kano, a cikin tsara ɗaya sai ga Inyas da Barhama sun zama sunayen yara a lunguna. Ya yi raha ya ce ba kowane littafi ne ke haifar da takwara ba, domin duk yawan karanta Ahalari bai taɓa jin an raɗa wa yaro Ahalari ba. Amma dai wanda ba a karanta shi, ba a ambatonsa, ta ina sunansa zai shiga bakin ungozoma?

Ɗalibin zaure yana bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala har ya kai Askari, ya ƙware a alwala da ƙabli da ba'adi, ya yi furfura bai taɓa jin an ce buɗe Tajuddini ba. Malam ya ce wannan ba ya rasa nasaba da abin da ya biyo bayan faɗuwar Kano a hannun Turawan mulkin mallaka a watan Fabrairu 1903. Turawa sun bar mana salla da azumi da aure da gado, suka riƙe mulki da baitulmali a hannunsu, sai ɓangaren addini da ke magana a kan mulki ya zama karatun da ba shi da wurin aiki, mai karantar da shi kuma yana iya jawo wa kansa ido. Abin takaici, wani Bature mai suna Baldwin ya fassara littafin zuwa Ingilishi aka buga shi a Bairut a 1932. Su sun karanta domin su san mu. A watan Disamba 2022 kuma hukumomin Aljeriya sun shirya babban taro a kan Almagili a babban birninsu. Masu mulki ba su ƙi a yi taro a kansa a ci abinci a watse ba, in ji Malam, babi na bakwai da na takwas ne ba a son a karanta da ƙarfi.

Ya ƙara da wani dalili mai sauƙi, cewa tun da zuriyarsa suna nan an san su da Sharifai, wataƙila sauran mutane sun ɗauki sunan kamar kayan gidan wasu ne. Sannan ya koka da yadda a wannan zamani rediyo ya karɓi aikin zaure wajen raba sunaye. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 an yi ta raɗa Saddam. Gaddafi, wanda ya zo Kano a 1997, shi ma ya sami takwarori, kuma sunan nasa nasaba ce ga ƙabilarsu kamar Magili. Yaran sun girma, labarin da ya kawo sunayen ya juya, an bar su da kaya a ka.

ABIN DA BA ZA A ƁOYE BA

Daga nan Malam ya koma kan rigimar Tuwat. Ya ce wanda zai ɗora wa ɗansa sunan mutum, wajibi ne ya san mutumin ciki da bai, ba yabonsa kaɗai ba. Almagili mutum ne mai zafi. A garin Tamantit na Tuwat akwai Yahudawa 'yan kasuwa da suka daɗe da zama. Almagili ya yi fatawar cewa sun warware sharuɗɗan amanar zamansu, ya ce a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ce bai halatta ba. Aka rubuta wa malaman Fas da Tunis da Tilimsan, wasu suka goyi bayan wannan, wasu suka goyi bayan wancan, Assanusi na cikin waɗanda suka ƙarfafi Almagili. Fatawoyin suna nan a littafin Mi'iyar na Wansharisi. A ƙarshe aka rushe wurin, aka kashe mutane, sauran suka watse.

Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke zaune a Gawo, aka kama su. Sai Malam Mahmudu ɗan Umaru na Tumbutu ya tashi ya ce waɗannan ba su suka yi kisan ba, ba a kama wani da laifin wani. Aka sake su. Ahmad Baba na Tumbutu ne ya kawo wannan a littafinsa Nailul Ibtihaji.

Malam ya ɗaga murya a nan ya ce samari su saurara da kyau. Babban malami ne, mai gaya wa sarakuna gaskiya, amma da baƙin ciki ya rufe shi sai da wani malamin ya taka masa burki, kuma gaskiya tana wajen wanda ya taka burkin. Ya tuna wa jama'a watan Mayu 2004, lokacin da aka kashe Musulmi a Yelwa ta jihar Filato, sai aka huce a Kano a kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, waɗansunsu ko inda Yelwa take ba su sani ba. Ya ce ranar Kano ta rasa irin Mahmudu ɗan Umaru a kan tituna. Shi kansa Almagili a amsoshinsa ga Askiya ya nanata cewa in ɓarna biyu suka haɗu a auna su a ɗauki mafi sauƙi, bai buɗe wa kowane saurayi ƙofar ya zama alƙali kuma hauni ba. Abin da ake so yaro ya gada shi ne alƙalaminsa da rashin tsoronsa a gaban mai mulki. Kuma mutum ne mai girmama hankali, domin lokacin da Imamu Suyuɗi na Masar ya haramta ilmin manɗiƙi, Almagili ne ya mayar masa da martani a waƙe yana kare wannan ilmi, Suyuɗi ya amsa masa a waƙe, ba wanda ya kafirta wani.

SUNA DA HAƘƘIN IYAYE

Malam ya bayyana, da izinin mai gidan, cewa sunan bai samu cikin sauƙi ba. Kakar yaron ta wajen uba ta so a mayar da sunan marigayi mijinta, ta kuma ce ita ba ta yarda a sa wa jikanta sunan da yara za su riƙa tsokanarsa da magin miya ba. Ɗan uwan ya zo yana huci yana cewa jahilci ne. Malam ya ce ya gaya masa, "Kai, mahaifiyarka ce. Biyayya gare ta farilla ce, Magili kuwa ko mustahabbi bai kai ba. Koma ka durƙusa ka ce, Hajiya, ki yi haƙuri, ki faɗi abin da kike so." Allah cikin ikonsa sunan marigayin Muhammadu ne, sai aka wayi gari sunan ya ɗauke bukatar kowa. Da ba haka ba ne, in ji Malam, da shi da kansa zai ce a bar Magili sai haihuwa ta gaba. Ya ce akwai 'yan uwa da ke ɗaukar ɗaga wa iyaye murya a kan irin wannan a matsayin tsayuwa a kan aƙida, alhali rashin tarbiyya ne, kuma shi ke sa iyaye su tsani harkar gaba ɗaya.

Amma ya ce akwai sauran aiki. Tun da yaro ya ci sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya faɗin sunan surukinta ba, za ta ce Abba ko Halifa, kaka za ta ce Maigida, kafin a yaye shi laƙabi ya haɗiye sunan, kamar yadda Garba ya haɗiye Abubakar da yawa, Sanda ya haɗiye Umaru. Don haka ya nemi uban da abokansa su riƙa kiransa Magili tun yanzu, a rubuta shi haka a takardar haihuwa da rajistar makaranta. Game da tsokana kuwa, ya ce ba sunan da yaran Kano ba za su iya lanƙwasawa ba, maganinta shi ne yaron ya tashi ya san labarin mai sunansa, in an ce masa magi ya ce zo in kai ka Sharifai.

TAMBAYOYI

Wani ɗan uwa ya tambaya ko Almagili ɗan ɗariƙa ne. Malam ya ce 'yan Ƙadiriyya suna lissafa shi a cikin salsalarsu, suna kuma ɗaukarsa daga cikin waɗanda suka kawo ɗariƙar wannan yanki, Kuntawa na Sahara ma ta kansa suke bi. Ya ce wannan kada ya sa wani ya ce nasu ne shi kaɗai, ko wani ya ce ba ruwansa da shi, domin a cikin Tajuddini babu babin da ya keɓanta da wata ƙungiya.

Wani kuma ya tambaya ko a Kano kabarinsa yake, domin ya ji ana faɗa. Malam ya ce a'a. Bayan abin da ya faru a Gawo ya koma Tuwat, a can ya rasu a shekara ta 909 bayan Hijira, wajen 1504. Kabarinsa da zawiyarsa suna nan a Bu Ali, cikin lardin Adrar na ƙasar Aljeriya, ana ziyartarsu har yau.